Oksijin a ruwan tukunyar nukiliya: a kore shi duka, ko a bar kaɗan?

Ɗalibin Injiniya, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ina da tambaya a kan darasin da muke yi na tsatsa da lalacewar ƙarfe. An koya mana cewa oksijin da ya narke a cikin ruwa shi ne babban abin da ke cin bututun tukunyar tururi, shi ya sa ake korar sa tun kafin ruwan ya shiga tukunya. To, sai ga shi na ji cewa a wasu tashoshin nukiliya da gangan ake ƙara oksijin a ruwan da ake tura wa tukunya, a wani wurin kuma haidirojin ake ɗurawa, iskar da kowa ya san tana kama wuta. Na kasa haɗa waɗannan maganganu wuri guda. Ina roƙon masu sani su warware mini.

Tsohon Injiniya, Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da malamanka suka koya maka shi ne daidai, kuma ka riƙe shi da kyau. Na yi shekaru ina kula da tukunyar tururi a wata masaƙa, kuma ban taɓa ganin inda oksijin ya yi wa ƙarfe alheri ba. Ruwan da ya sha iska a zafi irin na ɗaki yana ɗauke da oksijin kimanin miligiram 8 a kowace lita. Kafin ya shiga tukunya muna bi da shi ta tankin korar iska, inda ake fesa shi a cikin tururi har ya kai wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyas, domin ruwan da ya kai ga tafasa ba ya iya riƙe iska. Idan tankin yana aiki yadda ya kamata, abin da zai rage ba ya wuce maikirogiram 7 a lita (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na abin da ya shigo. Ragowar kuma muna kashe ta da hodar salfayit.

A saman wannan tanki akwai ɗan bututu da tururi ke fita ta cikinsa dare da rana, kuma ta nan ne iskar da aka kora take bi. Wani ma'aikacin dare ya riƙa rufe shi, a ganinsa asarar tururi ake yi. Babu wanda ya lura sai da bututu ya fara yoyo. Da muka yanke shi muka duba cikinsa, sai muka tarar da ƙuraje jajaye a warwatse, sauran jikin ƙarfen kuwa lafiya lau. Idan ka kankare ƙurji ɗaya da sukundireba, za ka ga baƙin gari a ƙasansa, a ƙarƙashin garin kuma rami ne siriri da ya kusa huda bututun. Haka oksijin yake aiki: ba ya cin ƙarfe bai ɗaya, wuri guda yake zaɓa ya yi ta haƙa. Idan wannan ne halinsa a tukunyar masaƙa, ban ga dalilin da zai sa a yi wasa da shi a tukunyar nukiliya ba.

Mai Kiwon Kifi, Ajiwa:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Mu a wurinmu kuɗi muke kashewa don oksijin ya shiga ruwa. Idan ya sauka ƙasa sosai, musamman da asuba a lokacin bazara, za ka ga kifi sun taso saman ruwa suna buɗe baki, shi ya sa muke son ya tsaya a kan miligiram 5 a lita ko sama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce ɗan abin da da ƙyar ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na wannan yana iya yi wa ƙarfe lahani. Sannan idan an riga an kore shi a tanki, kuma bututun a rufe suke, daga ina zai sake dawowa?

Malamar Sinadarai, Katsina:

Malam mai kifi, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta raba tukunyar nukiliya da tukunyar da Baba Injiniya ya yi aiki da ita. A tukunyar masaƙa oksijin daga waje yake shigowa, don haka idan an tare ƙofa an gama. A tukunyar nukiliya kuwa a ciki ake haifar sa. Radiyeshin da ke fita daga makamashin yuraniyam da ke cikin tukunyar yana farfasa ƙwayoyin ruwan da kansu, sai a samu haidirojin da oksijin da kuma haidirojin farokzaid, irin ruwan nan da ake wanke ciwo da shi a asibiti, wanda shi ma yana cin ƙarfe kamar oksijin ko fiye. Ko da an cika tukunya da ruwan da babu ɗigon iska a cikinsa, da zarar ta fara aiki waɗannan abubuwa za su bayyana.

Bari in fara da tukunya mai matsattsen ruwa, wadda ake taƙaita sunanta da PWR, domin ita ta fi yawa a duniya, kuma irinta ce guda biyu ke aiki a Koeberg kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu tun 1984 da 1985. A cikinta ruwan yana wuce digiri 300, amma ba ya tafasa saboda an danne shi da matsi kimanin ninki 155 na matsin iskar sarari. Dabarar da ake yi ita ce a narkar da haidirojin a ruwan tun da farko, tsakanin santimita kubik 25 zuwa 50 a kowane kilo na ruwa, wanda a nauyi bai wuce miligiram 2 zuwa 4 da ɗoriya ba. Idan haidirojin ya yi yawa haka, gutsattsarin ruwan da radiyeshin ya farfasa suna haɗuwa da shi su koma ruwa tun kafin su kai ga zama oksijin. Da haka oksijin yake tsayawa ƙasa da maikirogiram 5 a lita muddin tukunya tana aiki.

Lokacin tayar da tukunya bayan an buɗe ta an canza makamashi shi ne ya fi kama da aikin Baba, domin ruwan ya sha iska. A nan ana zuba wani sinadari mai suna haidirazin, wanda idan ya haɗu da oksijin ba ya barin komai sai naitirojin da ruwa. Ba a amfani da salfayit saboda yana barin gishiri a ruwa, kuma gishirin salfa yana taimaka wa tsagewar ƙarfe. A tashoshin Amurka ƙa'ida ce kada zafin ruwa ya wuce digiri 121 sai oksijin ya sauka ƙasa da maikirogiram 100 a lita.

Ɗalibin Injiniya, Ƙofar Ƙaura:

Malama, na gode. Idan haidirojin yana magance matsalar da sauƙi haka, me ya hana a yi hakan a kowace irin tukunya a huta?

Malamar Sinadarai, Katsina:

Abin da ya hana shi ne tafasa. A ɗaya nau'in, tukunya mai tafasa ruwa da ake kira BWR, matsin kimanin ninki 70 ne kawai, kuma ruwan yana tafasa a cikin tukunyar a wajen digiri 285, tururin ya wuce kai tsaye ya juya tabain, wato injin da ke juya janareta. Haidirojin iska ce marar nauyi da ba ta son zama a ruwa, don haka da zarar kumfar tururi ta taso sai ya bi ta ya fita, ya bar farokzaid da oksijin a cikin ruwan da ke zagayawa. A farkon zamanin waɗannan tukwane ana barin ruwan haka nan da oksijin wajen maikirogiram 200 a lita, ana ganin tunda ruwan tsarkakakke ne kuma bututun na ƙarfe marar tsatsa ne babu abin da zai faru.

Ba haka ta kasance ba. A 1974 aka gano tsaga a ƙananan bututun tashar Dresden a jihar Illinois, a 1982 kuma aka same ta a manyan bututun zagayen ruwa na tashar Nine Mile Point a jihar New York, har sai da aka canza bututun. A 1990 aka ga tsaga a jikin gangar ƙarfen da ke kewaye da makamashi a tashar Mühleberg ta Suwizalan, sannan a Brunswick ta Amurka a 1993. Kusan dukkansu a gefen walda suka fito. Suwidin ce ta fara gwada ɗura haidirojin a ruwan irin wannan tukunya a ƙarshen shekarun 1970, Amurka ta bi baya a Dresden a 1982.

Akwai abin da aka koya daga waɗannan gwaje-gwaje wanda nake ganin shi ne zuciyar zancen. Adadin oksijin da aka auna a samfurin ruwa ba ya faɗin halin da ƙarfe yake ciki, domin farokzaid yana rushewa a cikin bututun ɗaukar samfur kafin ya iso wurin awo, kuma ruwan ƙasan tukunya daban yake da na samanta. Abin da ake aunawa yanzu shi ne ƙarfin lantarki da ke tsakanin fuskar ƙarfen da ruwan. Ba tare da haidirojin ba yana kan milibolt 100 zuwa 200 sama da sifiri, tsagewa kuwa ba ta lafawa sai an saukar da shi zuwa milibolt 230 ƙasa da sifiri ko fiye.

Mai Walda, Ƙofar Marusa:

Malama, a yi mini afuwa, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma maganar walda ta shafe ni. Muna haɗa tankin ruwa da hannun bene da sitenles, wato ƙarfen nan marar tsatsa, kuma na daɗe da lura cewa idan tsatsa za ta fito, ba a kan dunƙulen waldar take fitowa ba, sai a gefe da gefe, daidai inda ƙarfen ya canza launi ya yi ruwan ƙasa da shuɗi saboda zafi. Shin abu ɗaya ne da wanda kike faɗa?

Malamin Ƙarafa, Dutsin-Ma:

Malam, idonka ya ga wurin da ya dace. Wani ɓangare na abin da kake gani launin zafi ne a fuskar ƙarfen, wanda ake iya wankewa da asid ko a goge, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da ba ya gogewa. Sitenles na yau da kullum mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8. Kuromiyam ɗin ne yake haɗuwa da oksijin ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ce take kare ƙarfen. Idan ƙarfe ya jima a zafi tsakanin digiri 450 zuwa 850, kamar yadda gefen walda yake yi yayin da yake hucewa, kabon da ke cikinsa yana janye kuromiyam ya tara shi a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, sai bakin kowace ƙwaya ya rasa kariya.

Kafin tsaga ta fito sai abubuwa uku sun haɗu: ƙarfen da zafi ya raunana ta wannan hanya, da ɗaurewar da walda ta bari a cikinsa bayan ya huce ya tsuke, da kuma ruwa mai zafi da ke ɗauke da oksijin. Idan aka cire ɗaya, tsagar ba ta tafiya. Shi ya sa aka bi ta kowace fuska. An koma amfani da sitenles mai ƙarancin kabon, wanda bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba, an samo hanyoyin sauya ɗaurewar da ke cikin bututun da aka riga aka yi wa walda, sannan aka gyara ruwan. Gyaran ruwa ya fi muhimmanci ga tsofaffin tukwane, domin akwai sassan cikin tukunya da ba a iya cirewa a canza cikin sauƙi. Haka kuma idan kulorayid, irin wanda ke cikin gishiri, ya haɗu da oksijin a ruwa mai zafi, sitenles yana tsagewa ko da ba a taɓa yi masa walda ba.

Tsohon Injiniya, Daura:

To, jama'a, duk abin da aka faɗa zuwa yanzu yana ƙarfafa maganata ne. Oksijin ya tsaga bututu a Amurka, ya tsaga ganga a Suwizalan, kuma maganin da aka samo shi ne a kashe shi da haidirojin. Har yanzu ban ji inda aka ce a ƙara shi ba, kuma ina tsoron kada yaron nan ya tafi da tunanin cewa barin oksijin a ruwan tukunya wani ci gaba ne.

Malamin Ƙarafa, Dutsin-Ma:

Ranka ya daɗe, ga inda ake ƙara shi. Ba duka bututun tasha ne na sitenles ba. Bututun da ke dawo da ruwa daga kwandensa, inda tururi ke hucewa ya koma ruwa, zuwa tukunya yawanci na baƙin ƙarfe ne. Idan ruwan da ke bi ta cikinsu babu oksijin ko kaɗan, fatar da ke fitowa a jikin ƙarfen ita ce baƙar nan da ake kira magnetayit, kuma tana narkewa sannu a hankali a ruwa mai gudu, musamman a zafi tsakanin digiri 130 zuwa 150, a gwiwar bututu da bayan duk abin da ke tsuke hanyar ruwa. Tana narkewa wata tana fitowa, kowace sabuwa kuwa daga naman bututun take ci. Babu ƙurji, babu rami, babu yoyo, bututun yana ta yin siriri daga ciki har ranar da zai yage gaba ɗaya.

A ranar 9 ga Disamba 1986 gwiwar babban bututun ruwa ta fashe a tashar Surry a jihar Virginia, ma'aikata huɗu suka rasu. A ranar 9 ga Agusta 2004 haka ta faru a Mihama a Japan, mutum biyar suka rasu, shida suka ji rauni. Bututun Mihama kaurinsa milimita 10 ne a farko, amma a inda ya fi lalacewa bai kai rabin milimita ba lokacin da ya fashe, ruwan cikinsa kuma yana wajen digiri 140. A duka wuraren biyu ruwan ba ya ɗauke da radiyeshin, ƙuna ce ta kashe mutanen, kuma a duka biyun ruwa ne da aka kore wa oksijin sosai.

Idan aka bar ɗan oksijin, fatar tana komawa jar nan da ake kira hematayit, wadda ba ta narkewa kamar baƙar, kuma tana toshe ƙofofin da ke jikin magnetayit. Saboda haka a tukunya mai tafasa ruwa ba a barin oksijin na ruwan da ke dawowa ya sauka ƙasa da kimanin maikirogiram 30 a lita, idan ya sauka kuwa sai a ɗura masa. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, da aka fara ɗura haidirojin don kare sitenles, oksijin da tururi ke kaiwa kwandensa ya ragu, sai buƙatar ƙara shi a wannan sashe ta ƙaru. A tasha guda, a ruwa guda, ana ƙara oksijin a wani wuri ana kashe shi a wani.

Tsohon Injiniya, Daura:

Allah ya kyauta. Amma Malam, ina da ja a wurare biyu. Na farko, abin da na sani game da Mihama shi ne ba a taɓa auna kaurin wannan bututu ba tun da tashar ta fara aiki a 1976, domin an manta da shi a jerin wuraren da ake dubawa. Wannan sakaci ne na mutane, kuma bai kamata a ɗora wa rashin oksijin ba. Na biyu, Surry da Mihama dukkansu masu matsattsen ruwa ne. Idan ƙara oksijin shi ne magani, me ya sa har yau masu irin waɗannan tashoshi suke zuba haidirazin a wannan ruwa suna korar oksijin kamar yadda muke yi a masaƙa?

Malamar Sinadarai, Katsina:

Baba, maganarka ta farko gaskiya ce, da an auna bututun da an canza shi kafin ya yi kisa. Sai dai awo yana nuna ɓarna ne, ba ya hana ta, kuma abin da ya cinye ƙarfen shi ne wanda Malam ya bayyana.

Tambayarka ta biyu ita ce mai wuya. A tasha mai matsattsen ruwa, ruwan da ke ratsa makamashi ba shi ne yake zama tururi ba, wani ruwa daban yake dumamawa, kuma wannan ruwan na zagaye na biyu yana tafasa ne a jikin dubban siraran bututu na tukunyar tururi, waɗanda su ne kaɗai shamaki tsakanin ruwa mai radiyeshin da marar shi. A lungunan da waɗannan bututu suka ratsa faranti, tafasa tana tara dattin ruwa ya ninka sau dubbai, kuma idan oksijin ya iske wannan datti, bututun ne zai tafi. Don haka aka zaɓi a kare su, a kori oksijin, sannan a kare baƙin ƙarfen ta wata hanya: a ɗaga alkalin ruwan da amoniya ko danginta irin su itanolamin, a sa ƙarfe mai ɗan kuromiyam a gwiwoyi, a kuma riƙa auna kauri a kai a kai. A tukunya mai tafasa ruwa ba a zuba irin waɗannan sinadarai saboda ruwan yana shiga cikin makamashi kai tsaye, don haka oksijin ne abin da ya rage.

Kuma akwai sharaɗi da ya kamata ɗalibinmu ya rubuta. Oksijin yana kare baƙin ƙarfe ne kawai idan ruwan ya kusa zama tsantsa. Tsantsar ruwa a digiri 25 tana da awon ɗaukar lantarki na maikirosimens 0.055 a santimita, kuma ruwan da ake tura wa waɗannan tukwane bai yi nisa da wannan ba. Ruwan masaƙa yana da gishiri iri-iri, a cikinsa kuwa oksijin ba abin da zai yi sai ramukan da Baba ya gani. Dokar Baba daidai take a tukunyarsa. Injiniyoyin Jamus ne suka fara barin oksijin da gangan a manyan tukwanen gawayi wajen 1970, kuma sun yi hakan ne bayan sun samu hanyar tace ruwa ya kai wannan tsarki.

Ma'aikaciyar Ɗakin Hoto, Katsina:

Malama, ni aikina ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti, don haka hankalina yana kan ma'aikata. Mun ga yadda gine-ginen Fukushima suka tarwatse a 2011, an ce haidirojin ne. Yaya za a ce kuma ana ɗura shi da hannu? Sannan wannan ɗurin yana shafar yawan radiyeshin da ma'aikaci ke ɗauka?

Malamar Sinadarai, Katsina:

'Yar'uwa, haidirojin na Fukushima daga wani wuri ya fito. Da sanyaya ta tsaya, kwanson makamashi na zakoniyam ya yi zafi fiye da digiri 1,000, ya riƙa ƙwace oksijin daga tururi yana sakin haidirojin ɗaruruwan kilo. Wanda ake ɗurawa 'yan miligiram ne a kilon ruwa, kuma a narke yake. Haɗarin da ya fi kusa da zancenmu shi ne taruwar haidirojin da oksijin da radiyeshin ya raba, a cikin bututun da ƙarshensa yake a toshe, inda tururi ke komawa ruwa ya bar iskar tana taruwa. Irin wannan ya fasa bututu a Hamaoka ta Japan a Nuwamba 2001, da Brunsbüttel ta Jamus a Disamba na shekarar.

Tambayarki ta biyu kuwa amsarta e. Nutiron, ɗaya daga cikin abubuwan da makamashin ke fitarwa, yana mayar da oksijin da ke cikin ƙwayar ruwa zuwa naitirojin-16, mai fitar da radiyeshin mai ƙarfi ƙwarai, ko da yake rabinsa yana mutuwa a cikin daƙiƙa 7. Idan ruwan yana da oksijin, wannan naitirojin yana zama gishiri ya tsaya a tukunya. Idan aka ɗura haidirojin da yawa, miligiram 1 zuwa 2 a kilo, sai ya koma amoniya ya bi tururi zuwa ɗakin tabain, radiyeshin wurin ya ninka sau huɗu ko biyar. An kare bututu, amma ma'aikaci ne ya biya.

Wannan ne ya sa kamfanin General Electric ya ɓullo da dabarar shafa wa cikin tukunya ɗan ƙurar filatinam da rodiyam, aka fara a tashar Duane Arnold ta jihar Iowa a 1996, daga baya a 2005 aka fara yi a Mühleberg ba tare da an tsayar da tukunya ba. Filatinam yana sa haidirojin da oksijin su haɗu a kan fuskar ƙarfen, don haka muddin ƙwayoyin haidirojin sun ninka na oksijin fiye da sau biyu, ƙarfin lantarkin fuskar yana faɗuwa ƙasa sosai ko da ruwan da ke wucewa yana da sauran oksijin. Da haka ƙasa da rabin miligiram na haidirojin ya wadatar, radiyeshin ɗakin tabain kuma ya ragu. Shi ma haidirazin guba ne da ake zargi da haddasa ciwon daji, kuma tun 2011 Tarayyar Turai ta sa shi a jerin sinadaran da ake sa wa ido sosai.

Malamin Ƙarafa, Dutsin-Ma:

Ina so in ƙara cewa korar oksijin ba ta kare kowane ƙarfe. Wani gaurayen nikel mai lamba 600 yana tsagewa a ruwan tukunya mai matsattsen ruwa duk da haidirojin da ke ciki. A Maris 2002 aka gano a Davis-Besse ta jihar Ohio cewa ruwan tukunya, mai ɗauke da asid na boron da ake zubawa don sarrafa ƙarfinta, ya daɗe yana tsiyaya ta irin wannan tsaga a kan murfin tukunya, inda ya haɗu da iskar waje ya cinye baƙin ƙarfe mai kaurin santimita 15, bai bar komai ba sai shafin sitenles na ciki wanda bai kai santimita 1 ba. Maganin wannan shi ne canza ƙarfen zuwa mai lamba 690, wanda kuromiyam ɗinsa ya kusa ninki biyu.

Ɗalibin Injiniya, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Wane ɓangare na wannan ilimi ne ya shafe mu a Najeriya, tunda muna da tukunya a Zariya kuma ana ta maganar gina tasha a Geregu ko Itu?

Tsohon Injiniya, Daura:

Kafin Malama ta amsa, ni abin da zan ce ya shafe mu shi ne awo. Auna maikirogiram 5 na oksijin ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗan sako-sako a mahaɗin bututun samfur ya isa ya tsotso iska ya ba ka lambar ƙarya, kuma na ga inda ma'aikaci ya cika littafin awo da lamba ɗaya daga farkon wata zuwa ƙarshe alhali sinadarin gwajin ya ƙare. Na yarda akwai inda ake barin oksijin, amma wanda zai bar shi sai ya fi mai korar sa iya awo, domin shi iyaka biyu yake tsaro, ta sama da ta ƙasa. Har yanzu ina ganin matashin da bai iya riƙe tankin korar iska ba bai kamata a fara masa da ƙara oksijin ba.

Malamar Sinadarai, Katsina:

Ba na ja da wannan, Baba. Game da Zariya, tukunyar Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ƙarama ce ta bincike, ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 ko sama da haka kaɗan. Ta fara aiki a 2004, a 2018 kuma aka canza mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfin tacewa. Ruwanta ba ya tafasa kuma ba a danne shi ba, don haka abin da ake tsaro a can shi ne tsarkin ruwan, wato awon ɗaukar lantarki da na asid da alkali. Wanda ya koyi wannan da kyau ya samu tushe, amma bai taɓa aikin haidirojin ba tukuna.

Idan kuwa tashar da za a gina ƙirar Rasha ce, irin guda huɗu da aka fara ginawa a El Dabaa ta Masar a 2022, to dangin mai matsattsen ruwa ce, amma al'adar ruwanta daban take. A yawancin tukwanen Rasha amoniya ake zubawa, radiyeshin ya farfasa ta ya fitar da haidirojin da ake buƙata a cikin ruwan, kuma ana daidaita asid na boron da fotasiyam a maimakon litiyam da ake amfani da shi a ƙasashen Yamma.

Akwai kuma lokacin da mai matsattsen ruwa shi ma yake neman oksijin, kuma ya shafi tambayar 'yar'uwarmu ta ɗakin hoto. Idan za a tsayar da tukunya don canza makamashi, ana fara cire haidirojin, sannan bayan ruwan ya huce a zuba haidirojin farokzaid da gangan. Wannan yana narkar da nikel da kobalt-58 mai fitar da radiyeshin da suka manne a jikin makamashi a lokaci guda, a tace su da matatar resin kafin a buɗe murfi. Idan ba a yi haka ba, iskar da za ta shiga bayan an buɗe ita za ta narkar da su, a daidai lokacin da ma'aikata suke tsaye a bakin ruwan.